Kawu Iro Farfela da Jiragensa Goma Sha Ɗaya

Duk wanda ya zauna a Kurfi ya san in jirgi mai saukar ungulu ya gitta ta saman gari, abu biyu ne ke faruwa: kaji su watse, Kawu Iro ya fito. Ko loma ce a hannunsa, da ita zai fito. Ko aski ake yi masa, haka zai ɓullo da rabin kai a aske, wanzami na biye da shi yana, "Malam Iro, tsaya mana!" Ya tsaya tsakiyar hanya, ya kare rana da tafin hannu, ya sanar wa duk mai kunne ƙasar da ta ƙera jirgin da yawan fukafukan farfelarsa, kamar an tambaye shi. A 'yan shekarun nan da jiragen suka yawaita suna wucewa wajen daji, mutane kan yi tsit su ja yaransu cikin gida. Shi kuwa a nan ne kasuwarsa ta buɗe. Shi ya sa in ka ce Malam Ibrahim mai gyaran agogo sai a tsaya tunani, amma da ka ce Iro Farfela har kurma ya gane.

Ni ce Sa'a, ɗiyar ƙanwarsa, mai ɗinki a Dutsin-Ma, kuma in aka cire matarsa Inna Abu, babu wanda jiragen nan suka wahalar a duniya kamata. Tun ranar sadakar arba'in kuke damuna in ba da labarin yadda aka yi. To ga shi, wanda ya ji sunansa ya yi haƙuri.

Ku tuna dai ranar ɗaurin auren ɗiyar wansa, shi ne waliyyi. Ni ina cikin gida wajen tukwane, amma maigidana Malam Nura yana wurin, kuma har yau in ya tuna sai ya riƙe ciki. An cika ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman Malam Mudi, abokin Kawu tun suna makarantar allo, ya juyo ya ce, "Malam Iro, ka bayar?" Kawu ya buɗe baki ke nan sai ga ƙara daga gabas, fat-fat-fat. Wallahi ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya tsallake dattawa uku, ya zubar da farantin goro, ya yi waje da babbar riga tana jan ƙasa. Dangin ango suka fara kallon juna, wani har ya miƙe yana cewa in an fasa ne a gaya musu. Can sai ga shi ya dawo yana haki, ya zauna, ya gyara hula.

"Na Rasha ne," in ji shi. "Fiffike biyar. Malam, ina muka tsaya?"

"Mun tsaya inda ka tashi," in ji Malam Mudi. "Ka bayar ko ba ka bayar ba?"

"Na bayar mana! Yo ita yarinya ai tana nan, ba inda za ta. Shi kau wucewa zai yi."

Abin ya samo asali ne tun yana saurayi. Ya tafi Kaduna neman shiga sojan sama, aka auna shi aka ce tsawonsa bai kai ba. Har ya bar duniya yana cewa matsalar ita ce da yamma aka auna shi, da da safe ne da ya kai, domin mutum yini ke gajarta shi. A hanyar tasha ya ga wani ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu a shimfiɗar 'yan gwanjo, kore, na ƙarfen zubi, mai nauyi a hannu, ƙofarsa na buɗewa, farfelarsa na juyawa. Ya ba da kuɗin motarsa ya karɓa, ya dawo gida a bayan motar albasa. Wannan shi ne jirgin da ya raɗa wa suna Dattijo, irin wanda Amurkawa suka yi yaƙin Biyetnam da shi. Daga nan duk direban da zai je Legas, duk alhajin da zai tafi Makka, sai Kawu ya tare shi da hoto a hannu. Wasu su kawo masa na roba mai batir, ya karɓa ya yi godiya, ya miƙa wa yaran maƙwabta tun mai kyautar bai juya baya ba. Cikin shekara arba'in da 'yan kai, goma sha ɗaya ya tara na gaske. Akwai Mai Kai Biyu, dogo mai farfela gaba da baya. Akwai Kada, mai mugun baki da makamai a haƙarƙari. Akwai Mazari, ɗan siriri mai kan gilashi, wanda ya ce da shi aka riƙa kwaso masu rauni a yaƙin Koriya. Kowanne bai wuce tafin hannu da rabi ba, amma in ka kuskura ka ce ƙanana ne ka jawo wa kanka karatu.

"In kika jera irin wanga guda saba'in da biyu, hanci da wutsiya, kin samu tsawon na gaske daidai wa daida. Ki gaya mani, wace 'yar tsana ce aka yi ma wannan lissahin?"

Kalmar da ba a faɗa a gidansa ita ce kayan wasa. Ka zagi babur ɗinsa, ka raina gyaran agogonsa, duk zai yi dariya. Amma ka ce kayan wasa, ka gama shan furar gidan.

Rowa kuwa, Allah Ya gafarta masa, ba dai ta abinci ba, amma a sayi abu? Tabɗi! Akwatin gilashin da jiragen ke ciki na wata mai cincin ne da ta daina sana'a, har yau in ka buɗe ƙamshin man gyaɗa ke fara gaishe ka. Abin share su gashin zabo ne, wanda yake tsintowa a kasuwar Kuki wajen masu kaji. Man da yake ɗiga wa farfela kuwa man keken ɗinkina ne. Shekara ashirin yana zuwa da kwalbar turare wadda ta ƙare, ya ajiye a kan kekena ba tare da ya ce komai ba, ya shiga tambayata lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya har sai na cika masa ita.

Akwai ranar da ya ɗauko ni a babur daga Kurfi zai mai da ni Dutsin-Ma. Muna kaiwa wata gangara sai na ji inji ya yi shiru, babur na ta gudu, iska na kaɗa mayafina. Na ƙanƙame ƙarfen baya na fara salati.

"Kawu, ya mutu!"

"Ni na kashe shi. Haka matuƙa ke yi in inji ya tsaya a sama, iska ke juya farfela har a sauka lahiya. Koyo nike."

"Kawu, mai kake tattali, ka faɗi gaskiya!"

"Duka biyun," in ji shi. "Soja ba ya ɓarna."

Gangara ta ƙare, babur ya ƙi tashi. Ni da alkawarin ɗinkin mutane ke jirana, ni ce na tura soja har bakin gari, yana zaune a sama yana ba ni umarni.

To duk wannan raha ce. Abin da ya hana Kawu sukuni a ƙarshen rayuwarsa ya fara ne shekara uku da suka wuce, ranar da aka kira shi shaida wajen rabon gadon wani maƙwabcinsa manomi. Mamacin ya bar shanun huɗa biyu, bijimai da suka yi shekara shida a karkiya ɗaya. Da aka zo rabo, ɗaya ya faɗa wa ɗan da ke Barkiya, ɗayan ya faɗa wa na Dabawa. Kawu ya ce da idonsa ya ga ana jan wannan gabas, ana jan wancan kudu, suna waige suna kuka. Ya dawo gida ya tsaya gaban akwatin gilashi yana ƙirga da yatsa. Mace ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku, jirage goma sha ɗaya. Ya ƙirga daga dama, ya ƙirga daga hagu, bai ga ta inda za su fita tare ba.

Babban ɗansa Sanusi, wanda ke koyarwa a Katsina, ya zo hutu a lokacin. Kun san Sanusi da baki. Ya leƙo ya ga tsohon a tsaye, ya ce, "Baba, ni dai tun yanzu na kama Mai Kai Biyu. Yarana sun samu na wasa."

 Inna Abu ta ce Kawu ya ɗauko zane ya lulluɓe akwatin, ya sa hula, ya nufi zauren Malam Mudi. Daga ranar nan Kawu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Abu ɗaya ne a ransa: kada a raba rundunarsa bayan ransa, kada kuma ta faɗa hannun wanda zai ba yara su tsinke mata fukafukai a cikin ƙasa.

Malam Mudi da bakinsa ya ba ni labarin zaman. Ya ce ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne, Iro. Ka yi wasiyya. Ka bar ma wanda ba magajinka ba, su tahi hannu guda. Wa ka yarda da shi?"

"Sa'a. Ita kaɗai ce tun tana ƙarama ba ta taɓa su sai ta wanke hannu."

"Madalla. Ɗiyar ƙanwa ba ta gadonka, wasiyya ta halatta gare ta. Sharaɗi guda ne, kada abin ya wuce sulusin dukiyarka, kashi ɗaya cikin ukku. Kana da gida, kana da gona, kana da babur. Waɗannan 'yan ƙarahuna ai ba su kai sulusi ba, ko?"

Malam ya ce da ya san abin da zai biyo baya da ya haɗiye kalmar nan. Kawu ya miƙe tsaye, jijiyar wuya ta tashi.

"'Yan ƙarahuna? Mudi, 'yan ƙarahuna? Aradu Dattijo kaɗai ya hi gidan da gonar! Ka je ka nemo irinsa a ƙasar nan in gani!"

"Iro, zauna. Ni hwa kai nike son taimako. Ka ce ba su kai ba, in rubuta."

"In yi ƙarya a gaban malami? Sun hi duk abin da na mallaka sau goma!"

"To in haka ne, da bakinka ka rushe wasiyyar. Ba ni rubuta abin da mai shi ya ce ya wuce sulusi."

Jama'a, kun ji mutum! An buɗe masa ƙofa, ya sa ƙafa ya rufe, ya kuma tsaya yana faɗa da ƙofar. Sau huɗu yana komawa zauren nan, kowane zuwa da niyyar ya ce ba su kai ba, kowane zuwa sai ya ƙara musu daraja. A zuwa na huɗu har ya haɗa da gonar Malam Mudi a cikin abin da Kada ya fi.

Da Malam ya gaji sai ya kawo wata hanyar. Ya ce ya ba ni su kyauta tun yana da rai da lafiya, wannan babu ruwanta da sulusi. Amma kyauta sai ta bar hannun mai bayarwa, ta koma hannun wanda aka ba, ta kuma zauna can. In ta dawo ɗakinsa kafin ta shekara, har ajali ya same shi tana wurinsa, to ta koma gado.

Wata Asabar da hantsi ina cikin shago sai ga motar haya ta tsaya. Kawu ya fito daga gidan gaba rungume da kwalla, ya biya kujera biyu, shi da ko ta mutum ɗaya sai an yi ciniki. Kowane jirgi an naɗe shi a cikin hula, huluna goma sha ɗaya, har da ta Sallah. Ya sa na kwashe leshi da atamfofin da ke cikin akwatin gilashina, ya jera su da kansa, hanci na kallon gabas. Ya kira Malam Nura da wani maƙwabcinmu shaida, ya tsaya ƙam kamar mai fareti.

"Sa'adatu, na ba ki su halak malak, duniya da lahira."

"Na karɓa, Kawu. Allah Ya saka da alheri."

"Kada ki bari rana ta doke su. Kada ki share da tsumma. Mazari ba ya son a ɗaga shi ta wutsiya."

"To, Kawu."

Ya fita, ya dawo ya gyara wa Kada tsayuwa. Ya fita, ya kai bakin titi, ya dawo ya ce ya manta bai yi wa yara sallama ba, alhali suna Islamiyya. Da ƙyar Malam Nura ya sa shi a mota.

Washegari ko wuta ban hura ba na ji sallama. Kawu ne, da babur, raɓa a gemunsa.

"Lahiya, Kawu?"

"Lahiya lau. Zumunci na zo. Laihi ne mutum ya gaida ɗiyarsa?"

Shekara nawa ina aure a garin nan bai taɓa zuwa zumunci ba sai da kwalbar mai! Ya ja kujera ya zauna gaban akwatin, bai tashi ba sai azahar. Jibi ma haka, gata ma haka. Matan da ke zuwa awo suka fara tsayawa daga ƙofa, wa za ta miƙa hannu a auna ta ga dattijo zaune yana mata bayanin yaƙin Koriya? Wata amarya ta zo karɓar ɗinkinta, ta tafi da tarihin Mai Kai Biyu tun daga ƙera shi, ba ta ƙara dawowa ba. Na ce, "Kawu, kana kashe mani kasuwa." Ya ce ai ilimi yake ba su kyauta, su gode.

A kwana na shida ya ce ya ji farfelar Dattijo na ɗan ƙara, zai tafi da shi gida ya duba.

"Kawu, Malam fa ya ce kada su koma."

"Aro ne. Naki ne, ara na yi. A wane littahi aka hana aro?"

Bayan kwana biyu ya ce Dattijo bai saba kwana shi kaɗai ba, a ba shi Mazari ya taya shi zama. Sai Kada. Sai Barewa. Kowanne ya shiga hula ya hau babur. Kafin sati uku, abin da ya rage a akwatina gashin zabo ne guda ɗaya. Malam Mudi ya leƙa ɗakinsa ya gan su jere reras, ya ce, "Iro, kyauta ta warware."

"Aro ne!"

"Wanda ya ari goma sha ɗaya cikin goma sha ɗaya, ai shi ne mai kaya."

Haka muka yi sau biyu. Na kwashe atamfa, na mayar da atamfa, na kwashe, na mayar, har direbobin hanyar Kurfi suka san kwallar, in sun hango shi sai su ce, "Baba, yau tashi za a yi ko sauka?" Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, na rantse ba zan ƙara karɓa ba. Amma da ya zo karo na uku ya tsaya a ƙofar shago, ya rame, hula ta yi masa yawa, sai na kasa. A wannan karon shi ya kafa wa kansa doka. Ya ba Malam Mudi makullin babur ya ce ko ya yi kuka kada a ba shi. Ya ce ba zai taka Dutsin-Ma ba sai shekara ta cika.

Ya yi wata biyu cur. Sai dai waya, sau biyar a yini, kamar salla. "Kin share su? Da mi? Juya farfelar Dattijo in ji." In kara waya a jikin jirgi in juya da yatsa, mata na zaune suna dariya a cikin mayafi.

Wata ranar kasuwa sai ga Inna Abu da kanta, matar da ta yi shekara arba'in tana cewa Allah Ya kawo ranar da za a fitar mata da tarkacen nan daga ɗaki. Ta zauna a kan benci, ta ƙi shan ruwa.

"Sa'a, ki mayar mashi da kayansa."

"Inna, saura wata goma. In na mayar, komai ya rushe."

"Ya rushe ɗin! Mutum ba ya cin tuwo, ba ya zuwa rumhwa, shina ta zagaye ɗaki kamar akuya a turke. Jiya na same shi shina share akwati ba komi a ciki. Jirgin da ya wuce shekaranjiya ko leƙawa bai yi ba. Ni mijina nike so, ba ruwana da abin da za a raba bayan ransa."

Da na ji cewa jirgi ya wuce Kawu bai fito ba, gabana ya faɗi. Na nemo hulunan Malam Nura na naɗe su, na hau mota. Na same shi zaune a kan tabarma ya jingina da bango. Ya ga kwallar, ya gane. Ya fara faɗa tun ban ajiye ba.

"Wa ya aike ki? Kin rushe mani aiki! Wata biyu na yi, wata biyu!"

Yana faɗan yana kwance huluna. Yana cewa ban da hankali, yana hura wa Mazari iska. Da ya gama jera su ya juyo ya ce wa Inna Abu, "Wai gidan nan ba a dahwa abinci ne?" Ya cinye malmala uku ina kallo. Na yi dariya har da hawaye, amma a mota da zan koma kuka na yi sosai, domin na san na dawo masa da cin tuwonsa, na kuma dawo masa da tsoronsa gaba ɗaya.

Da damina ta kama, ciwo ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida, kowa ya gane. Maganar kyauta ta wuce, tunda Malam ya ce kyautar mai ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Hanya ɗaya ta rage, wadda ya toshe da bakinsa. Wata Laraba bayan la'asar ya ce a kira masa Malam Mudi da shaidu biyu, ni ma in shigo. Aka tashe shi zaune, aka sa masa filo. Ya daɗe yana kallon akwatin gilashi.

"Mudi, ɗauko alƙalami."

"Ga shi a hannuna."

"Rubuta. Jiragena goma sha ɗaya na bar ma Sa'a, kada a raba." Ya haɗiye yawu, kamar mai shan maɗaci. "Kuma... ba su kai sulusi ba."

Malam ya ɗago. "Ka tabbata, Iro?"

"Ƙarhe ne da fenti. In an kai kasuwar Kurhi ko tunkiya ba su saye. Na sani, tun da can na sani. Rubuta kahin in canza."

Malam ya sunkuya ya rubuta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba. Shekara arba'in yana tsaye a kan magana ɗaya, ya sauka daga kanta da kansa don kada a raba su. Da aka shafa fatiha ya yafito ni da hannu, na sunkuya, ya raɗa mani, "A lissahin jahilai nike nuhi." Kwana tara bayan nan ya cika, da hantsi, Inna Abu na riƙe da hannunsa.

Ranar rabon gado aka taru a zaure, mu mata muna daga ciki bakin ƙofa. Malam Mudi ya karanta wasiyyar, ya ce ga shaidu, kuma abin bai kai sulusi ba da bakin mamaci. Sai Sanusi ya ce, "Malam, wace wasiyya? Wane sulusi?" Na ce a raina shi ke nan, rigima ta zo. Malam ya warware masa labari tun daga shanun huɗa har zuwa kwalla da huluna. Su 'ya'yan sun san tsohon na kai da kawo da jiragensa, sun ɗauka wani sabon salo ne cikin salon Baba. Babu wanda ya gaya musu dalili, domin Kawu ya hana. Da Malam ya zo kan maganar Mai Kai Biyu da yara, Sanusi ya dafe kai.

"Wasa nike mashi! Wallahi wasa nike! Ni zan ba yara jirgin Baba? Ni da ko ɗakin ban bari su shiga?" Muryarsa ta karye. "Malam, in duk magada sun yarda, ba sai a bar abu wuri guda ba, ko ya kai nawa?"

"Ana bari."

"To mi ya hana ya tambaye mu? Da ko gidan ya ce a haɗa mata da shi, wa zai ce a'a?"

"Na gaya mashi ya hi sau goma," in ji Malam Mudi, shi ma yana share ido da gefen rawani. "Ya ce ba ya iyawa. Ya ce ya san kunyarsa kuke ji, uba da hurhura shina wasa da jirage."

Ƙannen Sanusi mata suka fashe da kuka a bayana. Shekara uku bawan Allah nan yana zarya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ya rame, ya hana ni ɗinki, ya hana Malam karatu, a kan abin da tambaya ɗaya a tsakar gidansa za ta kashe. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Sanusi bai bari na ɗauka ba. Shi ya kawo su har shago, ya jera su da hannunsa, yana kiran kowanne da sunansa da ƙasarsa da yaƙin da ya yi, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na ce, "Yaya Sanusi, ashe ka sani?" Ya ce, "Wa ya girma a gidan nan bai sani ba? Kullum a aji sai na ba ɗalibaina labarinsu. Shi ne kawai ban taɓa gaya mawa ba."

Allah Ya jiƙan Kawu Iro, Ya yafe masa taurin kansa, mu ma Ya yafe mana shirun da muka yi. Ya ba shi natsuwar da ya rasa a shekarunsa na ƙarshe, Ya sanar da shi abin da ɗansa bai samu ya gaya masa ba. Ya tara shi da iyalinsa gaba ɗaya, babu wanda ya ɓace, a gidan da ba a rabon gado. Amin.